Gilashi mai faɗi don hoton biki: 14-24, 16-35, ko 24 zalla?

Sabuwar Hannu:

Assalamu alaikum manya. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗi a abin da zan zo ina cizon yatsa.

Ina ɗaukar hoton biki da Nikon D750, kuma gilasan kyamarata biyu ne kacal, 50mm f/1.8 da 85mm f/1.8 (ƙaramar lambar mm ta fi ɗaukar faɗi, ƙaramar lambar f kuma ta fi barin haske ya shiga). A fili ko a babban zaure ba ni da kuka da su. Inda suke ba ni kunya shi ne ƙaramin ɗaki, musamman wanda ake shirya amarya a ciki. Gado ya cinye rabin wuri, mai kwalliya na tsaye a kanta, ƙawaye sun cike sauran, ni kuma bayana ya manne da bango, amma abin da 50 ɗin ke ba ni bai wuce fuskar amarya da kafaɗar mai kwalliya ba. Haka idan aka zo hoton dangi, mutum ashirin ko talatin, sai in yi ta ja da baya har in ci karo da kujeru.

Guda huɗu nake dubawa: Nikon 14-24mm f/2.8, Nikon 16-35mm f/4 mai VR (abin rage rawar hannu), Nikon 20mm f/1.8, sai kuma 24mm, ko na Nikon f/1.8 ko na Sigma Art f/1.4. Ɗaya kawai zan iya saya a yanzu. Zuciyata ta fi kwantawa da 14-24, domin duk inda na duba yabonsa ake yi, kuma ina ganin idan zan sayi mai faɗi gara in sayi wanda ya fi kowa faɗi in huta. Waɗanda suka daɗe a harkar, me kuka gani?

Dattijon Kyamara:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki sayi 14-24 don wannan aikin. Yabon da kike gani gaskiya ne, gilashi ne mai kaifi ƙwarai, tun da ya fito a 2007 masu hoton duwatsu da taurari da gine-gine suke ji da shi. Amma ki lura da su waye ke yabon. Dutse ba ya dawowa ya ce miki kin ƙara masa ƙiba. Gwaggon ango kuwa za ta faɗa, kuma a gaban mutane za ta faɗa.

Ga abin da ke faruwa. Duk gilashin da aka ƙera don ya bar miƙaƙƙen layi a miƙe, wato bango ya fito bango, ƙofa ta fito ƙofa, dole ne ya ja abin da ke gefen hoto ya faɗaɗa shi. Ba lahani ba ne na wani kamfani, lissafi ne, kuma tsada ba ta gyara shi. A kan cikakkiyar sensa (faifan da hoto ke sauka a kai) irin ta D750, mai faɗin milimita 36, kan mutumin da ya tsaya a can bakin hoto yana faɗaɗa da kusan kashi 12 cikin ɗari a 35mm. A 24mm kashi 25 ne. A 20mm kusan kashi 35. A 16mm rabi ne cur, a 14mm kuma ya haura kashi 60. Kashi 12 ba mai lura. Kashi 25 mai hoto zai gani, mai biki ba lallai ba. Daga kashi 35 zuwa sama kuwa ko yaro ya kalla zai ce fuskar nan kamar an ja roba. Kuma a hoton dangi wa ake turawa gefe? Ba amarya ba, ba ango ba. Manyan mata da dattawan da suka zo a makare suka tsaya a ƙarshen layi, su ne ke shan wannan.

Kada ki ce za ki gyara a Lightroom, manhajar gyaran hoto. Gyaran da yake yi da bayanan gilashi na lanƙwasar layi ne, inda bango ya yi ciki ya kumbura. Wannan daban, faɗaɗar fuska daban. Hasali ma idan ya miƙar da layin, na gefen sukan ƙara miƙewa kaɗan. Manhajar DxO ViewPoint na da abin da ke rage faɗaɗar, amma sai ya taɓa miki layukan bango, kuma ba aikin da za ki so ki yi wa hoto ɗari biyu ba ne.

Yanzu ki ɗauko abin awo mu yi lissafin ɗakin naki. Faɗin abin da zai shiga hoto shi ne nisanki sau 36, a raba da lambar mm ta gilashi. Idan kina mita 2 da amarya, 50mm zai ba ki abin da bai kai mita ɗaya da rabi ba, shi ya sa kike samun fuska da kafaɗa. A wannan tsayuwar 35mm zai ba ki mita 2, 24mm kuma mita 3. Mita 3 ya ɗauko amarya, mai kwalliya, madubi, taga da ƙawaye biyu ko uku. Me ya rage? A 14mm za ki sami sama da mita 5, kuma abin da ƙarin mita biyun zai kawo miki shi ne jakunkuna a kan gado, wayar caja a bango, takalma a bakin ƙofa da ledar da wani ya yar. Gilashi mai faɗi sosai ba ya zaɓe, komai yake kwasowa, ke kuma a ɗakin shiri ba ki da lokacin kwashe kayan mutane.

Hoton dangi ma haka. A mita 4, 24mm na ɗaukar faɗin mita 6. Ki jera mutum talatin layi uku, na gaba a zaune, faɗinsu ba zai wuce mita 5 zuwa 6 ba. Ki ƙara taku biyu baya don ki bar sarari a dama da hagu, yadda ba wanda zai faɗa bakin hoto. Idan kowa na cikin kashi biyu bisa uku na tsakiya, faɗaɗar a 24mm ta sauko daidai da ta 35mm, ba wanda zai yi ƙorafi. Ki riƙe kyamara a daidai ƙirji, a miƙe, kada ki ɗaga bakinta sama ko ki sunkuyar. Da zarar kin karkata ta, bango zai fara kifewa, na layin gaba su yi manyan kai da ƙananan ƙafa, ko akasin haka.

Sai maganar jiki. 14-24 ya kusa kilo ɗaya, a kan kyamara mai nata nauyin, ga filashi a sama, daga safe har dare. Gabansa ƙullutu ne a waje, ba ya karɓar filta ta gaba, kuma a filin rawa gwiwar hannu da zufa da yatsun yara ba sa neman izini. Fitilun zaure masu juyawa ma idan suka bugi ƙullutun nan ta gefe sukan bar miki tabo kore ko shuɗi a fuskar mutum. Nikon 24mm f/1.8 kuwa giram 355 ne, ki sa masa filta da hularsa mai kare bakinsa ki shiga cikin mutane hankali kwance.

Ni 24 da 85 nake ratayawa, kowanne da kyamararsa, 35 na cikin jaka. Da ke ce ni, 24 zan saya.

Mai Zum:

Ranka ya daɗe, lissafinka ba gardama, kuma na yarda 14-24 ba nata ba ne. Amma ka manta kyamara ɗaya gare ta. Kai kana da biyu a kafaɗa, ka saki wannan ka ɗauki wancan. Ita idan ta ɗaura 24 sai ga ango ya sunkuya yana yi wa amarya raɗa, kafin ta kwance ta ɗaura 50 an wuce wurin. Biki ba ya jiran mai canza gilashi.

Shi ya sa ni 16-35 f/4 zan ce. 'Yar'uwa, ki ɗauke shi a matsayin 24-35 mai ajiyar gaggawa. Yawancin yini ki zauna tsakanin 24 da 35, inda fuska ke fita daidai. Ki sauka 16 sau biyu ko uku kawai: hoton zaure kafin baƙi su shigo, da hoton taro gaba ɗaya daga sama idan akwai bene. Waɗannan 24 ba zai ba ki su yadda ya kamata ba, kuma masu biki suna son ganin adon da suka kashe wa kuɗi. A 16 ɗin yana kumbura layi sosai, wannan sananne ne, amma shi irin wanda Lightroom ke gyarawa ne da dannawa ɗaya.

Maganar f/4 kuma, hoton dangi ai ba a f/1.8 ake ɗaukarsa ba. A 24mm, f/4, idan kin sa fokas a mita 4, daga kusan mita 2 har bangon baya duk a fili suke. To ina amfanin f/1.8 a nan? Ga VR kuma, hoton zaure babu kowa za ki iya sauke saurin shota zuwa 1/15 na daƙiƙa da hannu ya fito tsaf.

Dattijon Kyamara:

Malam Mai Zum, ka kawo hujja mai nauyi a kan kyamara ɗaya, ban musa ba. Inda muka rabu shi ne haske.

VR hannun mai hoto yake riƙewa, ba ya riƙe mai rawa. Zaure babu kowa, e, 1/15 ya yi. Amma da mutane suka shigo aka kashe manyan fitilu, kana buƙatar 1/200 ko 1/250 kafin hannu da mayafi su tsaya cak. A nan f/4 ke nuna halinsa. Tsakanin f/1.8 da f/4 hasken ya kusa ninki biyar. Inda ita za ta ɗauka a ISO 1600, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, kai kana 8000. D750 na da haƙuri da duhu, amma a 8000 fata ta fara yashi, launi ya fara mutuwa, musamman a inuwar fuska. Kuma ba hoton kaɗai ba: kyamara irin wannan mai madubi tana neman fokas ne da hasken da ya ratso gilashi a buɗe, ita ma mai hoton da shi take leƙe. Gilashi mai f/4 a duhu, abin leƙen ya dushe, fokas ya yi ta kai da komo.

Ɗakin shiri ma da ta fara magana a kai, sau da yawa taga ɗaya ce da labule. Hasken tagar nan shi ne mafi kyawun hasken da za ta samu a ranar, yana sauka a gefen fuska a hankali yana barin ɗaya gefen da 'yar inuwa. Da 24 a f/2 za ta tsaya kusa, ido ya fito da kaifi, tarkacen bayan ɗaki ya ɗan narke. Ba zai narke kamar na 85 ba, kada ta sa rai, amma ya isa ya raba amarya da labule. Da f/4 komai na ɗakin zai fito da kaifi ɗaya, har da abin da ba a so.

Akwai kuma wani abu game da zum mai faɗi da na sha gani a hannun masu tasowa. Wuri na matsewa sai yatsa ya murɗa zuwa 16 da kansa, domin ya fi sauƙi a kan a ce wa mutane su gyara tsayuwa. Ka ce mata ta zauna tsakanin 24 da 35, amma a cikin hayaniya ba mai duba lamba. Sai an koma gida a kan kwamfuta a tarar rabin hotunan a 16 da 18 suke, hannun amarya da ta miƙo yana nuna zobe ya fi fuskarta girma. Mai 24 zalla ba shi da wannan mafita, dole ya motsa ƙafa ko ya buɗe baki.

Hoton zaure kuwa, idan 24 bai ɗauke ba, ta tsaya wuri ɗaya ta ɗauki uku a tsaye suna hawa kan juna, Lightroom ya ɗinke mata su. Kujeru da furanni ba sa motsi.

Mai Zum:

To ai duhun filin rawa filashi ke maganinsa, Dattijo, ba f/1.8 ba. Ni a f/5.6 nake rawa da su, shota a 1/15 zuwa 1/30, filashi ya tsayar da fuska, fitilun baya su ja zare. Kuma a 18 ko 20 nake yi, ina tsakiyarsu, domin a nan faɗaɗar gefe ba ta dame ni ba, ƙara wa hoton rai take yi. Ba wanda ke auna faɗin kuncinsa a hoton rawa.

Sai dai 'yar'uwa ki kula da abu biyu idan za ki bi wannan hanyar. Kada ki dogara da ƙaramin filashin da ke jikin D750, dogon gilashi da hularsa na tare shi, za ki ga baƙar inuwa a ƙasan hoto. Na biyu, filashin sama ma yana da iyakar faɗinsa. Filashin Nikon SB-700 daga 24mm yake farawa zuwa 120mm. Idan kin sauka ƙasa da 24 kina haska mutane kai tsaye, sai kin zaro ɗan faifan da ke bakinsa, in ba haka ba tsakiya ta yi haske gefe ya yi duhu. Idan rufin ɗaki fari ne kuma ba shi da nisa, ki harba can ya dawo, ya fi komai.

Mai Koyo:

Ku gafarce ni manya, in ɗan raɓa da tawa. Ni Canon 80D gare ni. Idan na sayi 24mm ɗin da Baba ke faɗa, zai yi mini aikin da zai yi mata?

Dattijon Kyamara:

A'a ɗana. Sensarka ƙarama ce, kowace lamba sai ka ninka ta da 1.6. 24 a wurinka ya zama kusan 38, bai zama mai faɗi ba ke nan. Abin da zai ba ka ganin 24 shi ne 15mm. Masu Nikon da Sony da Fujifilm na ƙaramar sensa da 1.5 suke ninkawa, su 16mm ne nasu. Ka duba Tokina 11-16mm f/2.8, ka zauna a ƙarshensa na 15 da 16. Ko Sigma 18-35mm f/1.8, wanda a kyamararka yake kamar 29 zuwa 56. Bai kai faɗin 24 ba kuma yana da nauyi, amma ga mai kyamara ɗaya a biki da wuya ka sami wanda ya fi shi amfani. Canon 10-18mm ka bar shi don hoton fili da rana, f/4.5 zuwa f/5.6 ba na zaure da dare ba ne.

Sabuwar Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. 14-24 dai ya fita daga lissafi. Yaya Mai Zum, maganarka ta kyamara ɗaya ta tsaya mini a rai, amma ni ban iya filashi sosai ba tukuna, yawancin aikina da hasken wuri nake yi, don haka ina ganin mai buɗewa sosai zai fi yi mini. Baba, saura tambaya biyu. Me ya sa ba ka ce komai a kan 20mm ba? Sannan idan 24 ne, na Nikon f/1.8 ko na Sigma f/1.4?

Dattijon Kyamara:

20mm f/1.8 gilashi ne mai kyau, mara nauyi, kuma da kina da 35 a jaka da na ce ki ɗauke shi. Amma ke daga 50 za ki yi tsalle, ba komai a tsakani. Duk abin da 50 ya kasa, sabon ne zai ɗauka, har da hoton mutum biyu ko uku a tsaye. 24 zai iya wannan idan kin ajiye su a tsakiya kin ja baya kaɗan. 20 sai kin yi ta kaffa-kaffa. Milimita huɗu a wannan ɓangaren ba kaɗan ba ne, 24 na ganin kusan digiri 74 daga hagu zuwa dama, 20 na ganin 84.

Tsakanin biyun kuma, Sigma ya fi buɗewa da kashi biyu bisa uku na mataki ɗaya na haske, amma nauyinsa giram 665 ne, ya kusa ninka na Nikon. A biki ba kasafai za ki zauna a f/1.4 ba, domin mutum biyu ne a gabanki mafi yawan lokaci kuma ba a layi ɗaya suke ba, f/2 zuwa f/2.8 za ki fi zama. Ni na Nikon zan ɗauka saboda wuyan hannu. Idan kuma Sigma ya kwanta miki, ki gwada fokas ɗinsa a kan kyamararki kafin ki biya, domin a kyamarori masu madubi wasu kan sauka gaba ko bayan inda aka nufa. D750 na da wurin daidaita wannan a cikin saitinta, Sigma kuma na da ɗan abin da ake haɗawa da kwamfuta a gyara.

Ko wanne ne, ki tafi da katinki da mutum ɗaya. Ki tsayar da shi a tsakiya ki ɗauka, ki matsar da shi kashi ɗaya bisa uku daga gefe ki ɗauka, sannan can bakin hoto, duka a mita 2, ki sake a mita 4. Ki haska fitilar waya daga gefe ki ga yadda yake yi da haske mai shigowa kai tsaye. Kada ki yanke hukunci a bayan kyamara, ki buɗe su a babban allo ki duba idon da kunnen.

Mai Zum:

Ki ƙara da wannan a gwajin: ki sa agogo ki ga daƙiƙa nawa kike ɗauka ki kwance 24 ki ɗaura 85 a tsaye, jaka a kafaɗa, ba tebur. Idan ya wuce goma, kuɗin da za ki tara na gaba na kyamara ta biyu ne, ba na gilashi ba.